Tambayoyinku: Rumbun bayanai ya tsaya cak bayan na dawo da shi daga kwafin ajiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ne mai kula da kwamfutocin wurin aikinmu, kuma wata biyar ke nan da aka ɗora mini rumbun bayanai bayan wanda yake riƙe da shi ya bar aiki. Manhajar sarrafa rumbun bayanai ta SQL Server 2016 muke amfani da ita, girman rumbun gigabait 380. Ranar Talata da misalin ƙarfe 10:40 na safe faifan da fayil ɗin bayanai yake kai ya mutu. Kwafin ajiya iri uku na tarar ana ɗauka: cikakke kowace Lahadi ƙarfe 11 na dare, na bambanci sauran darare shi ma ƙarfe 11, sai na log, wato littafin da ake rubuta canje-canjen rumbun, duk bayan minti 15. Na ɗauko wata saba da ke ajiye, na yi amfani da wani rubutaccen umarni da magabacina ya bari, na loda cikakken kwafin Lahadi. Ya ci awa uku, a ƙarshe ya ce ya gama lafiya. Amma yanzu awa 14 ke nan, kalmar Restoring ce kawai a gefen sunan rumbun, manhajarmu kuma tana ba da kuskure mai lamba 927. Na kashe sabar na kunna har sau biyu, babu canji. Wani abokina ya ce in goge fayil ɗin ldf, wato na log, in bar shi ya ƙirƙiro sabo, wani kuma ya ce in sa rumbun a yanayin gaggawa na EMERGENCY in yi masa gyara. Shugabana yana kirana kowane rabin awa. Malam, kwafin ne ya lalace? In ci gaba da jira, ko in sake lodawa daga farko?

Mai karatu, ta imel

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A daren da saƙonka ya shigo na tura maka amsa mai layi biyu: kada ka goge komai, kuma kada ka taɓa tsohuwar sabar. Yau zan warware maka zancen a tsanake, don na san akwai da yawa irinka, waɗanda aka danƙa wa makullin rumbu ba tare da an zaunar da su ko sau ɗaya an nuna musu yadda ake dawo da shi ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin sai ranar da gobara ta tashi mutum yake fara koyon ɗebo ruwa.

Da farko ka kwantar da hankalinka. A duk abin da ka zayyana ban ga alamar kwafinka ya lalace ba. Kashewa da kunnawar da ka yi ma ba ta ɓata komai ba a wannan karon, ko da yake zan dawo kanta, don akwai yanayin da take yin ɓarna. Abin da ya faru shi ne rumbun yana jiranka, kai kuma kana jiransa. Da za ka ba shi wata guda, haka za ka dawo ka tarar da shi.

Buɗe rubutun da magabacinka ya bari, ka duba ƙarshen layin da ya fara da RESTORE DATABASE. Za ka ga kalmar NORECOVERY. Da ita ake ce wa SQL Server: shimfiɗa wannan kwafin, amma kada ka buɗe wa kowa ƙofa, akwai sauran kaya a hanya. Shi kuwa ya ji, ya shimfiɗa, ya ce maka ya gama, ya koma ya zauna. Lamba 927 da manhajarku take nunawa ma abin da take faɗa ke nan, cewa ba za a iya buɗe rumbun ba domin yana tsakiyar dawowa. Magabacinka bai yi kuskure ba. Kashin farko na aiki mai kashi huɗu ya bar maka a rubuce, sauran ukun suna cikin kansa ya tafi da su.

Kada ka tsaya ga maganata, ka tabbatar da idonka. Yi wa na'urar tambayoyi biyu:

SELECT name, state_desc FROM sys.databases

SELECT command, percent_complete, wait_type FROM sys.dm_exec_requests

Idan ta farko ta ce RESTORING, ta biyu kuma ba ta nuna wani layi mai ɗauke da umarnin RESTORE ba, to babu aikin da ake yi. Leƙa ma ka ga faifan, za ka tarar ba karatu ba rubutu, tsit kake ji. A cikin msdb kuma, wato rumbun da SQL Server ke ajiye tarihin ɗaukar kwafi da lodawa, akwai teburin restorehistory mai gurbin da ake kira recovery. Sifili a wurin na nufin da NORECOVERY aka loda.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Duk wanda ka tambaya zai miƙo maka layi ɗaya:

RESTORE DATABASE sunan_rumbu WITH RECOVERY

Gaskiya ne, zai buɗe rumbun, wataƙila cikin 'yan mintuna, shugabanka ya daina kira. Amma rumbun daren Lahadi zai buɗe maka. Aikin Litinin gaba ɗaya da na safiyar Talata ba ya ciki. Kuma ƙofar nan sau ɗaya ake bi ta: da ka buɗe, ba za ka ƙara iya ɗora kwafin bambanci ko na log a kai ba, kuskure 3117 zai mayar maka. Sai dai ka sake lodawa tun daga cikakken kwafi, wata awa ukun ke nan. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne ma'aikata su shiga su fara zuba sababbin bayanai a kan na Lahadi, sai da rana tsaka wani ya lura na Litinin babu su. Daga nan kana riƙe da tarihi biyu da suka rabu hanya, kuma babu umarnin da zai ɗinke maka su. Da hannu ake yi, layi bayan layi, tare da mutanen da suka san aikin.

Yana da kyau ka fahimci dalilin, don in ka fahimta ba za ka sake buƙatar haddace komai ba. Duk canjin da aka yi a rumbu, sai an fara rubuta shi a log, wato fayil ɗin ldf, kafin ya sauka a fayil ɗin bayanai. Ɗauki misalin cire kuɗi daga wani asusu a zuba a wani. Rubutu biyu ne amma ma'amala ɗaya ce, ko su tabbata tare ko su faɗi tare. A daidai lokacin da ake ɗaukar kwafi, sau da yawa akwai ma'amalolin da ke tsakiyar hanya, an cire ba a zuba ba. NORECOVERY yana barinsu a rataye, domin wataƙila ƙarashensu yana cikin kwafin log na gaba. RECOVERY kuwa hukunci yake yankewa: duk wadda ba ta kammala ba ya warware ta, ya mayar da kuɗin inda suka fito. Bayan ya warware, log ɗin da zai zo yana neman ƙarasa waccan ma'amalar ba shi da abin da zai ƙarasa. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To ga yadda za ka bi. Kafin komai, koma wa tsohuwar sabar. Ka ce faifan bayanai ne ya mutu, ba ka ce komai a kan na log ba. Idan a faifai daban yake kuma yana da rai, akwai abu mai daraja a cikinsa: duk abin da aka yi daga kwafin log na ƙarshe, na ƙarfe 10:30, zuwa 10:40 da abin ya faru. Mukan kira shi wutsiyar log. Idan SQL Server na tsohuwar sabar yana tashi, ana iya ɗaukar wutsiyar ko da fayil ɗin bayanai ya tafi, da umarnin BACKUP LOG haɗe da NO_TRUNCATE. Minti goma ne kawai, amma minti goma na safiyar ranar aiki, kuma a cikinsu akwai mutanen da allo ya ce wa aikinsu ya shiga. Na taɓa ganin inda aka share faifan tsohuwar na'ura don a sake mora, tun kafin wani ya tuna da wutsiya. Shi ya sa na ce kada ka taɓa ta.

A sabuwar sabar kuwa, cikakken kwafi yana nan a shimfiɗe, ba sai ka maimaita ba. Ɗora kwafin bambanci na daren Litinin, da NORECOVERY. Guda ɗaya ake ɗorawa, na ƙarshe, saboda kowane kwafin bambanci yana ɗauke da duk abin da ya canza tun daga cikakken kwafi. Daga nan sai kwafin log ɗaya bayan ɗaya bisa jerin lokacinsu, kowanne da NORECOVERY. Daga ƙarfe 11 na daren Litinin zuwa 10:30 na safiyar Talata fayiloli kusan 46 ne. Kada ka riƙa bin su da linzami, mutumin da bai yi barci ba sai ya tsallake ɗaya ko ya manta kalmar a wani. Rubuta umarnin a jere, ka karanta shi sau biyu kafin ka sake shi. Sai wutsiya in ka samu. Sai a ƙarshen ƙarshe layin RECOVERY. Idan kana so ka leƙa ciki kafin ka yanke hukunci, yi amfani da STANDBY a maimakon NORECOVERY a kan log na ƙarshe. Zai bar ka ka karanta bayanan ba tare da ya rufe hanyar ɗora wani log ɗin ba, muddin sigar SQL Server ɗaya ce a na'urorin biyu.

Wurare biyu aka fi yin tuntuɓe a hanyar nan. Na farko kuskure 3136, lokacin ɗora kwafin bambanci. Yawanci wani ne ya ɗauki cikakken kwafi tsakanin Lahadi da Litinin, galibi mai haɗa manhaja da ke son kwafin gwaji, bai sa COPY_ONLY ba, kalmar da ke hana kwafinsa zama madogarar kwafin bambanci, sai kwafin bambancin Litinin ya koma dogaro da nasa. In ka sami fayil ɗinsa, da shi za ka fara. In ba ka samu ba, ajiye kwafin bambancin gefe, ka bi log tun daga daren Lahadi, fayiloli sama da 140. Hanya ce mai nisa amma tana ɓullewa, domin cikakken kwafi ba ya tsinka sarƙar log.

Na biyu kuskure 4305, wanda ke cewa log ɗin da ka miƙa ya yi gaba da yawa, akwai wani kafinsa. Kowane kwafin log yana da lambar farawa da ta ƙarewa da ake kira LSN, ƙarshen wannan shi ne farkon na gaba, kamar zobban sarƙa. Buɗe jakar fayilolin, ka jera su bisa lokaci, ka bi da yatsa: 1:45, 2:00, 2:15, 2:45. Ina na 2:30? Kada gabanka ya faɗi tukuna, don wani lokaci aikin ɗaukar kwafin ne bai tashi ba a wannan zagayen, na 2:45 ya kwashe duka. Lambobin ne za su raba gardama: RESTORE HEADERONLY a kan fayilolin biyu zai nuna maka LastLSN na 2:15 da FirstLSN na 2:45. In sun zo ɗaya, sarƙa lafiya lau. In sun bambanta, akwai giɓi. Sau tari wata manhajar ajiya ce ta biyu da ke kan sabar ta ɗauki log ta kai shi wani wuri, kuma teburan backupset da backupmediafamily a msdb na tsohuwar sabar za su gaya maka inda aka kai shi. Idan fayil ɗin ya ɓace ɓat, iyakar inda za ka kai ke nan, 2:15. Ka je ka gaya wa shugabanka wannan lokacin ɓaro-ɓaro, da ƙarfe da minti, don ma'aikata su san daga inda za su sake shigar da aikinsu. Ɓoye giɓi ya fi giɓin kansa illa.

Bari in dawo kan kashewa da kunnawa. Bayan ka ba da RECOVERY, ko bayan wuta ta ɗauke na'ura ta tashi, za ka iya ganin In Recovery a gefen sunan rumbun, sys.databases kuma ya ce RECOVERING. Kalmomin sun yi kama da Restoring, amma yanayin daban ne: a nan aiki yake yi, kai ne ya kamata ka jira. Matakai uku yake bi. Ya karanta log ya tantance abin da ke ciki, ya maimaita canje-canjen da ba su kai ga fayil ɗin bayanai ba, sannan ya warware ma'amalolin da ba su kammala ba. Yana kuma ba da labarin kansa a fayil ɗin ERRORLOG, layi bayan layi: kashi kaza cikin ɗari, saura daƙiƙa kaza, mataki na kaza cikin 3.

Shekarun baya, a wani wurin da na yi aiki, wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin goge tsofaffin bayanai, miliyoyin layuka a ma'amala ɗaya. Da na'ura ta tashi rumbun ya shiga In Recovery. Ina zaune gaban allo ina ta sabunta ERRORLOG: kashi 61, mataki na 3 cikin 3. Adadin daƙiƙun da suka rage yana hawa yana sauka, wani lokaci ya ƙaru maimakon ya ragu. Bayan awa huɗu, ga mutane tsaye a kaina, na yanke cewa ya maƙale, na kashe SQL Server na kunna. Layin farko da ya fito shi ne mataki na 1 cikin 3, kashi 0. Har yau ban manta yadda cikina ya ɗuri ruwa ba. Ma'aikatan da ke jira sun ƙara awanni a zaune saboda hannuna. Abin da ya fi ci mini rai, shaidar tana gabana ban karanta ba: rabin awa kafin nan kashi 58 yake. Yana tafiya, a hankali ne kawai. Sauri ya haifi nawa.

Tun daga ranar ba na cewa abu ya maƙale sai na auna sau biyu, da tazarar minti goma. In rubuta kashi nawa yake, in rubuta adadin reads da writes na layinsa a sys.dm_exec_requests, in duba motsin faifai, sannan in sake dubawa. In ko ɗaya ya motsa, sai in janye hannuna. Lissafin daƙiƙun da suka rage kuwa kada ka yi wa kowa alkawari da shi, hasashe ne.

Nawar tana da musabbabi, kuma inda ta tsaya yana nuna shi. Idan lodawa ta daɗe a kashi 0, fayiloli yake ginawa. SQL Server yana ƙirƙirar su da ainihin girman da suke da shi a tsohuwar sabar, sannan ya cika su da sifili. RESTORE FILELISTONLY zai nuna maka girman tun kafin ka fara, kuma kada ka yi mamakin ganin log da ya fi bayanan girma. A lokacin za ka ga wait_type yana cewa PREEMPTIVE_OS_WRITEFILEGATHER. Fayil ɗin bayanai ana iya yafe masa wannan cikawar idan aka ba asusun da SQL Server ke gudana da shi izinin Perform volume maintenance tasks a Windows. Tun daga sigar 2016 ma akwai ɗan akwatin da ake yi wa alama lokacin girkawa. Fayil ɗin log kuwa a sigarku dole a cika shi, babu gajeriyar hanya. Idan kuma a kashi 100 ya tsaya, ka sani kwafe bayanai kaɗai wannan lissafin yake ƙirgawa, aikin log yana biyo baya.

Akwai kuma wani ciwo da ke ɓoye shekara da shekaru. A ciki, fayil ɗin log yanki-yanki ne da ake kira VLF, kuma duk lokacin da ya ƙara girma da kansa sai a daɗa yankuna. Log ɗin da aka bari yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan tsawon shekaru yakan tara dubbai, har dubun dubata, kuma sai an bi su duka kafin rumbu ya buɗe. DBCC LOGINFO yana fito da layi ɗaya ga kowane yanki, sai ka ƙirga. Ba a gyara wannan a tsakiyar dawowa. Bayan ƙura ta lafa ake rage log ɗin a sake faɗaɗa shi da manyan yankuna. Sigar 2019 ta zo da Accelerated Database Recovery, wanda ke rage doguwar warwarewa irin wadda ta same ni, amma sai an kunna shi tun kafin matsala ta zo.

Maƙalewa ta gaskiya sunanta daban. RECOVERY_PENDING na nufin ya so ya fara amma wani abu ya tare shi, kuma ERRORLOG zai faɗi lambar kuskuren Windows: 2 fayil ba ya nan, 5 babu izini, 32 wata manhaja ta riƙe fayil ɗin, galibi ta kashe ƙwayoyin cuta, 112 faifai ya cika. A kawar da abin da ya tare, a sake kunna rumbun, shi ke nan. SUSPECT kuwa ya fara ne ya ci karo da ɓarna.

Wannan ya kawo ni ga abokanka. Na san da kyakkyawar niyya suka yi magana, amma duka shawarwarin biyu garin neman gira ne a rasa ido. Goge ldf zubar da littafin da ke ɗauke da ma'amalolin rataye ne. Ko da rumbun ya buɗe bayan haka, kuɗin da aka cire ba a zuba ba sun tafi ke nan, kuma babu abin da zai sanar da kai. EMERGENCY da gyaran da ke biye da shi, REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS, sunansa ya faɗi aikinsa: yana daidaita tsarin rumbu ta hanyar jefar da shafukan da ya kasa karantawa. Makamin wanda ba shi da kwafin ajiya ne, ya rasa kowace hanya. Kai kana da kwafi iri uku a hannu, kuma rumbunka ma bai nuna ciwo ba.

Ranar da ya buɗe, tsugune ba ta ƙare ba. Ka gudanar da DBCC CHECKDB, umarnin da ke duba lafiyar rumbu, kafin ka saki mutane. Tun da sabuwar saba ce, asusun shiga na ma'aikata da na manhaja ba su biyo kwafin ba, a rumbun master na tsohuwar suke, inda SQL Server ke ajiye su. Sai ka ƙirƙire su, ka haɗa kowanne da mai amfaninsa na cikin rumbu da ALTER USER haɗe da LOGIN, in ba haka ba manhaja za ta ƙi shiga ka zaci wata sabuwar matsalar ce. Ayyukan ɗaukar kwafi na kowane dare da na minti 15 su ma a msdb na tsohuwar suke. Ma'ana daga lokacin da ka buɗe, babu mai ɗaukar maka kwafi har sai ka kafa su. Ka ɗauki cikakken kwafi nan take, ka kafa ayyukan a ranar. Sannan ka zauna ka rubuta sauran kashi ukun da magabacinka bai rubuta ba, ka gwada su a wata na'ura kana duba agogo, don nan gaba in shugabanka ya ce sai yaushe, ka ba shi adadin awanni da ka auna da kanka.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Rumbun bayanai na manhajar PostgreSQL 14 nake kula da shi. Wani ya goge tebur bisa kuskure da ƙarfe 3:20 na yamma, sai na dawo da rumbun daga kwafi, na sa recovery_target_time a kan 3:15. Ya tashi, ina iya karanta komai, teburin ma ya dawo, amma duk rubutun da aka gwada sai ya ce ma'amalar ta karatu ce kawai. Awa biyu ke nan. Me ya rage?

Wata mai karatu

AMSA

Barka kadai, 'yar'uwa. Kin yi aikin daidai, saura ki ba da izini. A PostgreSQL akwai saitin recovery_target_action, kuma in ba a taɓa shi ba a kan pause yake. Wato idan ya kai lokacin da kika ce, sai ya dakata ya bar ki ki duba ko nan ɗin kike nufi. Ni ina ganin wannan dabara ce mai kyau, don ta ceci mutane da yawa daga buɗewa a wurin da ba shi ba. Duba log ɗin sabar, za ki ga ya rubuta cewa ya dakata a ƙarshen dawowa, har da sunan umarnin da za ki ba shi. A sigarki pg_get_wal_replay_pause_state() zai ce paused.

Kafin ki saki, yi amfani da damar. Ƙirga layukan teburin, ki duba na ƙarshe da aka shigar, ki kira pg_last_xact_replay_timestamp() ki ga lokacin ma'amalar ƙarshe da aka maimaita. Ki lura da yankin lokaci sosai: idan sabar tana kan UTC, wato agogon duniya, ke kuma agogon bangonki kika rubuta ba tare da kin faɗi yankin ba, 3:15 ɗinki da nata ba ɗaya ba ne. Idan kin ga kin tsaya da wuri, kashe sabar, matsar da lokacin gaba, ki kunna, zai ci gaba daga inda yake. Baya ne ba ya komawa. In an wuce wurin sai an sake shimfiɗa kwafin tushe. Tsakanin 3:15 da 3:20 akwai aikin minti biyar na wasu teburan, kuma kina iya matsawa kusa da 3:20 a hankali ki ceto mafi yawansa.

In kin gamsu, sai ki ba da:

SELECT pg_wal_replay_resume()

Zai kammala, ya buɗe sabon layin tarihi, ya fara karɓar rubutu, pg_is_in_recovery() kuma ya koma false.

Idan kuwa log bai ambaci dakatawa ba, leƙa jakar bayanai ki ga wane fayil ke ciki. Tun daga sigar 12 aka daina amfani da recovery.conf, aka koma fayiloli biyu marasa komai a ciki: recovery.signal da standby.signal. Na biyun yana sa sabar ta ɗauki kanta mataimakiya, ta zauna jiran sabon WAL, wato littafin canje-canje na PostgreSQL, har abada, kuma in duka biyun suna nan shi ne ke rinjaye. Yakan biyo kwafin da aka ɗauka don kafa mataimakiya. A wannan yanayin pg_promote() ne zai fito da ita, bayan kin tabbatar ta tsaya a lokacin da kike so. In kin duba duka biyun ba ki ga ko ɗaya ba, turo mini layuka 30 na ƙarshe na log ɗin da layin restore_command ɗinki, wato saitin da ke ɗauko fayilolin WAL daga ajiya, ki share sunan saba da kalmar sirri kafin ki turo.